Batakarin Ayamga

Mma Lamisi ba ta iya tsayuwa cak kamar sauran mutane. Ko tana ciniki a gaban tiren daddawarta a kasuwar Bawku, ko tana jiran mota, ko tana waƙa a coci, sai ka ga tana ɗan rausaya, hannunta ɗaya ya koma baya yana bubbuga ƙugunta kamar mai lallashin goyo. Bayan kuwa babu kowa. 'Yan kasuwa, da yake bakinsu ba ya azumi, suka laƙa mata suna Mai Goyon Iska. Ta ji, ba ta taɓa tankawa ba. Ni dai in na ji sunan raina ɓaci yake yi, domin na san goyon, na kuma san inda aka sauke shi.

Sunana Mudassira. 'Yar Salaga ce ni gaba da baya, kakanninmu fataken goro ne, ni kuma na tashi na tarar goron ya ƙare sai doya. Ina kai doya Bawku, in sauko da albasa da daddawa. Ni Musulma ce, ita Kirista ce, Bakusasiya, 'yar ƙabilar Kusasi, daga wani ƙauye kusa da Zebilla. Ba dangin iya ba na baba. Abin da ya haɗa mu ɗan yayana ne, Wadud, wanda nononta ya sha ya rayu.

Tana yarinya ɗanya ta auri Ayamga, wani ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa, wanda in ya riƙe garma sai ka rantse cokali ne. Ƙasarsu ta gaji, ba ta ciyar da gida, sai suka gangaro gonakin bayan Salaga yana yi wa mutane kunyar doya. Riga ɗaya gare shi ta fita kunya, batakari mai ratsin baƙi da fari, irin saƙar mutanen arewa. Wata rana ƙaya ta yage masa ita a wuya, Lamisi ta rasa zare sai ja, ta ɗinke da shi. Ta ce ya yi ta yi mata tsiya wai ta sa masa alama kamar akuya. A wannan gonar suka haifi 'yarsu Asibi.

Sai yaƙin ƙabilanci na shekarar casa'in da huɗu ya zo. Faɗan tsakanin masu gari ne da wata ƙabilar manoman daji, ba nasu ba ne. In gaskiya za a bi, mu ma 'yan Zango ba namu ba ne, amma tsoro ya shiga gari, samari suka tare hanyoyi, duk wanda ya fito daga daji da kayan noma abokin gaba ne har sai ya kawo shaida, kuma ba kowa ake ba lokacin kawo ta ba. Ayamga ya taso da iyalinsa yana neman shiga gari, a ganinsa gari ne mafaka. Da ya hango shingen daga nesa sai ya tura matarsa cikin ciyawa da goyonta, ya ce ta jira ya je ya yi musu bayani. Ba ta ga fuskar kowa ba. Muryarsa kawai ta ji yana faɗa da Hausarsa ta gona cewa shi Kusasi ne, shi lebura ne. Daga nan ba ta ƙara jin muryar ba.

Ta juya ta shiga daji. Ba ta san tsawon tafiyar ba, ba ta kuma san lokacin da Asibi ta daina kuka ba. Abin da ta gaya mini, shekaru bayan haka, shi ne ta ji bayanta ya yi sanyi tun da hantsi, amma ta ƙi kwance zanin. Ta ci gaba da tafiya tana jijjiga ta, tana yi mata waƙa, har rana ta yi gora. Sojojin da suka tsince ta a bakin titi su ne suka kwance goyon, suka tona rami a gindin wata kaɗanya.

A wannan ranar ce yayana Zulkarnain ya dawo gida da batakari a kafaɗa. Tela bai taɓa auna yayana da irin wannan riga ba, mutum ne siriri mai son jallabiya da turare. Ya jefa ta bayan ƙofa, ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa, bai ci abinci ba. Ban tambaye shi ba. A kwanakin nan babu mai tambayar namiji inda ya fito.

Ba a jima ba aka kwashe mu a motar sojoji, aka yi ta yawo da mu har aka sauke mu a harabar wata makaranta a Yendi. Matar yayana, Samiratu, cikinta ya tsufa. A cikin motar naƙuda ta kama ta, ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, kafin mu isa ta cika. Da muka tashi gudu abin da hannu ya kai shi aka ɗauka, sai ga shi babu abin naɗe jaririn sai batakarin nan. Ni ban taɓa haihuwa ba, ƙirjina ado ne kawai. Muka ba shi ruwan sukari, muka ba shi koko da aka tace, yana amayarwa. Kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Matan wurin kowace na fama da nata, wadda ke da nono yunwa ta ƙafar da shi.

Wata tsohuwa ce ta nuna mini wata mace zaune ita kaɗai a jikin bango, gaban rigarta jiƙe sharkaf. Na je na durƙusa na roƙe ta. Ba ta dube ni ba, ta dai miƙo hannu. Da ta karɓi yaron ta fara warware rigar, sai hannunta ya tsaya a wuyan. Ta sa babban yatsa tana bin jan zaren nan ɗinki bayan ɗinki. Ta ɗago ta tambaye ni rigar wa ce. Na ce ta uban yaron ce, na nuna mata Zulkarnain can yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ta daɗe tana kallonsa. A take jikina ya ba ni, na gane abin da ta gane, na kuma tabbata yanzu za ta maka yaron da ƙasa ko ta kurma ihu a taru a kanmu. Wallahi da ni ce, da ɗaya daga ciki na yi.

Ta ninke rigar ta sa a ƙarƙashin cinyarta, ta ɗaga tata rigar, ta sa masa nono a baki.

Haka Mma Lamisi ta biyo mu Salaga da ƙura ta lafa, ta zauna a gidanmu har aka yaye Wadud. Ku yi tunanin wannan zaman. Tsakar gida ɗaya, randa ɗaya, ƙofa ɗaya. Da farko yayana bai san ko wace ce ba, sai ranar da maƙwabta suka tambaye ta mijinta, ta faɗi hanyar da ya bi da garmar da ke kafaɗarsa. Ina kallonsa lomar da ke hannunsa ta koma cikin kwano. Tun daga ranar bai ƙara haɗa ido da ita ba. In ta fito ya shige, in ta shige ya fito. Rigar kuwa bai taɓa tambayar inda ta shiga ba, ya riƙa lallashin kansa da cewa batakari duk kamarsu ɗaya. Ni na sani, ita ta sani, shi yana addu'ar kada ta sani. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ran Lahadi takan goya Wadud ta tafi coci, sai unguwa ta ɗauka wai za a yi wa jikan fataken goro wankan Kirista. Mata suka zuga ni, ni kuma da ma kiris nake jira, na tare ta a zaure. Ta saurare ni har na gaji, sannan ta amsa da Hausarta ta Bawku, wadda ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa "kai" ne a wurinta.

"Mudassira, nono ne yaro ya ke so, shi na ke ba shi. Sallan shi, wannan aikin ku ne. Ka koya mini abin da ku ke faɗi kafin ku ci abinci, ni zan koya mai."

Ita ce ta fara sa wa Wadud bisimilla a baki. Har ya girma, in zai faɗe ta, da karin harshen Kusasi take fita, malamansa na allo suka yi duka suka gaji.

Da aka yaye shi ta ɗaure kayanta ta koma arewa. Ƙauyensu babu abin da ya rage mata, sai ta zauna a Bawku, ta kama ɗaki a bayan kasuwa, ta shiga dafa kalwa tana yin daddawa. Maza sun nema, ta ce ta gode. Ba ta ƙara aure ba, ba ta ƙara haihuwa ba. Wadud ne kaɗai abin da take da shi a duniya, shi ma aro. Tun yana ƙarami nake tafiya da shi in zan kai doya, da ya hango ta sai ya ƙwace daga hannuna. Da ya zama mutum ya shiga fataucin shanu, Bawku ta zama hanyarsa. Ko lokacin da garin ya rikice, ana dokar hana fita, direbobi suna ƙin hanyar, Wadud sai ya san yadda ya yi ya isa ƙofarta da doya da sabulu. Ya zauna a kan turmi, ƙaton mutum da gemu, tana yi masa faɗa wai ya rame. Ranar Ista shi yake saya mata zani, ranar Sallah ita take aika masa zabi. Abu ɗaya take tsoro, ta kuma gaya mini shi ƙarara: ranar da yaron zai ji abin da ubansa ya yi, kunya za ta hana shi taka ƙofarta, ko da ya zo ma ba zai ƙara zama a kan turmin nan yana dariya ba.

Na sha tambayarta yadda ta iya. Wata rana muna wanke kalwa na ce mata ai mu ma mun san alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, Allah zai biya ta. Ta girgiza kai, ta ce ita ba ajiya ta yi ba. Ta ce kada in ɗauke ta waliyyiya, ranar nan a Yendi ba yafewa ta yi ba, ƙirjinta ne ke zogi kuma yaro na kuka. Ta ce watanni tana shayar da shi tana kallon wuyan ubansa tana auna inda wuƙa za ta fi shiga. Sai wata Juma'a kafin Ista, tana durƙushe a coci da Wadud a baya, aka karanta inda Yesu yake kan gicciye yana roƙa wa masu kashe shi gafara. Ta ce ta sha jin wurin, amma ranar ne ta lura babu ko ɗaya cikinsu da ya ce a yafe masa. Suna ma can ƙasan gicciyen suna rabon tufafinsa.

"Rigan shi su ke raba, Mudassira," in ji ta. "Da na ji haka, na yi kuka sosai paa. Shi bai jira su gyaru ba. Ni ma bai jira na gyaru ba, da wuƙa a zuciyana ya karɓe ni. Abin da aka ba ka kyauta, yaya za ka saida ma wani?"

Na ce mata a littafinmu ba haka labarin Annabi Isa yake ba. Ta ce ta sani, in miƙo mata kwando. Haka muke, mukan taɓa gardama mu koma aiki. Amma maganar rigar nan ta bi ni har Salaga, ta hana ni sakat.

Shi kuwa yayana, abin yana cinsa a tsaye. Ya je Makka, ya gina masallaci a unguwa, ya ciyar da marayu, duk da haka bai taɓa bin hanyar gonakin nan ba, ko da za ta rage masa tafiya. In ya ga lebura da garma a kafaɗa sai ya tsallaka titi. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, sai ya ce a kira masa Lamisi. Al'adarmu ce mai shirin tafiya ya nemi gafarar waɗanda ya zalunta, baki da baki. Ya gaya mini so yake ya faɗi komai a gabanta da gaban Wadud, ya sauke kayan nan kafin a sauke shi. Na kira ta a waya na faɗa mata. Ta ce kada in bari ya buɗe baki sai ta iso.

Ta iso bayan azahar, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman mota. Ko ruwa ba ta sha ba ta shiga ɗakin. Wadud na zaune a bakin gadon yana yi wa ubansa fifita. Ta dube shi ta ce ruwan leda ya ishe ta, ita ruwan tsohuwar rijiyar nan ta bayan gari take marmari, wadda take ɗiba lokacin tana goyonsa, ya tashi ya ɗebo mata da hannunsa. Mutum mai mata da 'ya'ya, ga yara cike da gida, amma uwa ce ta aike shi. Ya ɗauki bokiti ya fita yana murmushi.

Yayana ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa. Ya ce, "Mma Lamisi, rigar nan da aka naɗo yaron nan a ciki..."

"Na sani," in ji ta. "Ni na ɗinka wuyan shi."

Ban taɓa ganin namiji ya yi irin kukan nan ba, babu sauti, sai ƙirji ke hawa yana sauka. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun kafin yaron ya kama nono. Ya ce ta yafe masa don Allah. Tana tsaye, tana rausayawar nan tata, hannu a baya.

"Na yafe, Alhaji. Ba yau ba, kuma ba sau ɗaya ba. Kowane safe in na tashi, abin ya na nan, sai na sake yafewa. Ka tafi da shi, kyauta ne."

Ya ce to bari yaron ya dawo ya ji da kunnensa, don ya san irin uban da ya haife shi da irin matar da ta raine shi. A nan ne na ga fushin Mma Lamisi, sau ɗaya tak a zamanmu. Ta matso har bakin gadon.

"A'a. Kai za ka sauke kaya ka tafi, shi zai ɗauka. Miji na ya tafi a hanyan nan, Asibi ya tafi. Wannan ɗaya da ya rage, ba za ka karɓe mini ba."

Yayana ya rufe ido ya gyaɗa kai. Da Wadud ya dawo ta karɓi ruwan ta sha, ta ce ɗanɗanon bai canza ba, ta ɗiba a hannu ta shafa wa majinyacin a goshi. Yayana ya rasu cikin makon, bai faɗa ba. Ta zauna makoki tare da mu, ta ɗaura ɗankwali har goshi, masu gaisuwa suna yi mata ta'aziyya kamar 'yar gida. Da na raka ta tasha na tambaye ta, in yaron ya tambaye ni wata rana fa? Ta ce muddin tana numfashi in rufe bakina, in kuwa ta tafi ya tambaya da bakinsa, kada in yi ƙarya a kan kabarinta.

Bara ta rasu, da damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Matan cocinsu suka ce ta bar wasiyya a sa mata wata tsohuwar riga a ƙarƙashin kai. Suka buɗe akwatin kayanta suka ciro ta, an ninke ta cikin zani, ratsin ya koɗe amma jan zaren na nan. Suka miƙa wa Wadud, tunda shi ne ɗa. Ya san labarin an naɗo shi a batakarin babansa a Yendi, sai ya yi murmushi ya warware ta don ya gani. Ya ɗaga ta da hannu biyu, hannuwansa suka buɗe har iyaka, rigar ba ta ƙare ba. Murmushin ya tafi. Ya jawo ni gefe, bayan ɗakin, inda tukwanen kalwarta suke kife.

"Goggo, Baba ko sau biyu aka naɗa shi ba zai cika rigar nan ba. Ta wa ce?"

Na ce ta Ayamga ce, mijin Mma. Na ƙara da cewa a shari'a ma ubansa ne, tunda nonon da ya sha na haihuwar Ayamga ne. Na faɗi haka ne ko zai tsaya a nan. Bai tsaya ba. Ya tambaye ni yadda aka yi rigar mutumin da aka kashe a shinge ta zo hannun babansa. Na kawar da kai, shi kuma bai ƙara tambaya ba, don fatake ba a yi musu lissafi sau biyu. Ya zauna a kan turmin nan. Can ya ɗago, idanunsa jawur.

"Ta sani?"

"Tun kafin ta sa maka nono a baki."

"Kuma ta ba ni," in ji shi, a hankali, kamar mai magana da kansa.

Na zaci zai tashi ya bar garin, abin da ta yi shekaru tana tsoro ke nan. Da aka fito da akwatin gawar sai ga shi ya kama gaba, da hularsa da gemunsa, a tsakiyar masu waƙar coci. Shi ya ninke rigar ya sa mata a ƙarƙashin kai, ya gyara wuyan yadda jan zaren zai taɓa kumatunta. Aka rufe, aka mai da ƙasa, mutane suka watse saboda hadari ya taso.

Na kai bakin hanya na waiwaya in kira shi. Yana tsaye shi kaɗai a gaban kabarin, yayyafi na sauka a kansa, yana ɗan rausayawa hagu da dama. Ban kira shi ba, na samu gindin bishiya na jira.